Keken koyon tafiya na jarirai: a gyara shi ne, ko a hana shi gaba ɗaya?

"Likita, barka da aiki. Ɗana yana da wata bakwai, ya fara zama da kansa. Kakarsa ta saya masa keken koyon tafiya, irin mai tayoyin nan da ake zaunar da yaro a tsakiya. Da na tura wa yayata hotonsa a ciki, sai ta kira ni hankali a tashe, ta ce a Kanada inda take zaune doka ta haramta sayar da shi. Ni kuma na ga har yanzu ana sayar da shi a Amurka da Turai. In har yana da haɗari haka, me ya sa wasu ƙasashen suka ƙyale shi? Dokokin da ake yi a kansa suna rage raunuka da gaske? Kuma ni da ba na barin sa shi kaɗai, akwai laifi in ci gaba da sa shi a ciki?"

'Yar'uwa, barka kadai, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Yayarki gaskiya ta faɗa miki, abin da kika gani ma gaskiya ne. Kanada ta hana shi, su kuwa Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai da Ostareliya sun bar shi a kasuwa, amma sun gindaya masa sharuɗɗa. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: me ya raba kan ƙasashen nan alhali jariri ko'ina jariri ne, ko doka ta taɓa tserar da wani yaro, sai kuma wanda na san ya fi tsaya miki a rai, wato ko uwar da idonta ke kan ɗanta ita ma abin ya shafe ta. Bari in faɗa miki matsayata tun daga farko. Ni likitan yara ne, kuma ba na ba kowace uwa shawarar sa ɗanta a wannan keken. In aka ce in zaɓi dokar da ta fi, ta Kanada zan nuna. Sai dai ba na so ki karɓa don kawai likita ya faɗa, gara ki ga dalilan da kanki.

Don kada mu sami saɓani, keken da nake magana a kai shi ne mai kujerar yadi a tsakiya, da faranti a gaba, da tayoyi a ƙasa, wanda ake zura ƙafafun jariri a ciki yana tura kansa da yatsu. Akwai wanda yaro ke tsayawa a bayansa yana turawa da hannu, akwai kuma kujerar wasa marar taya. Waɗannan biyun hukuncinsu daban, zan taɓo su a gaba.

Abin da keken ke ba jariri kafin lokacinsa

Ɗan wata bakwai in kika ajiye shi a ƙasa, inda kika bar shi nan za ki same shi, ko ya ɗan mirgina kaɗan. Rashin ƙarfin nan nasa kariya ce a gare shi, domin wayonsa bai kai ya san rami ko wuta ba, ƙafarsa kuma ba ta kai shi wurinsu. Keken yana warware wannan daidaito. Yana ba shi gudu, yana ba shi tsawo, wayon kuwa yana nan yadda yake.

Gudun ba ƙarami ba ne. A kan daɓe mai santsi, jariri a cikin keke yana iya cin kusan mita ɗaya a sakan guda. Ki auna daga tsakiyar ɗaki zuwa ƙofa. In mita uku ce, sakan uku ke nan. Babban mutum kafin ya gani, ya gane abin da ke shirin faruwa, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya miƙe ya taka, sakan ukun sun ƙare.

Tsawon kuma shi ne abin da iyaye suka fi mantawa. Yaron da jiya hannunsa bai wuce gwiwarki ba, yau yana kaiwa bakin tebur, da hannun tukunya, da igiyar dutsen guga ko ta butar lantarki da ke lilo, da kwalbar magani, da sinadarin wanki. Gidan da aka tsara don mai rarrafe bai dace da mai tsayuwa ba, shi kuwa keken a dare ɗaya yake mai da wancan ya koma wannan.

Faɗuwa a matakala ita ce babbar masifar. Kan jariri yana da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, ƙashin kansa kuma siriri ne. In mai rarrafe ya gangaro daga matakala, daga ƙasa-ƙasa ya taso, a hankali, jikinsa duka ne ke raba bugun. Wanda ke cikin keke kuwa a tsaye ya iso, da gudu, ƙugunsa a ɗaure cikin kujera, rabin jikinsa na sama a waje. Da tayoyin gaba sun zarce baki sai keken ya kifa, kai ne ke fara isa ƙasa, sannan nauyin keken ya biyo baya.

Akwai wata yarinya 'yar wata takwas da aka kawo mana da daddare, har yau ina tuna fuskar uwarta. Matakala uku ce kacal a bakin ƙofarsu. Uwar tana ninke kaya a ɗakin, babban wan yarinyar ya fita bai ja ƙofa ba. Ta ce ta ji ƙarar tayoyi, ta ɗago, ta ga bayan keken yana ficewa. Gefen kan yarinyar ya kumbura, in ka taɓa sai ka ji laushi, hoto kuma ya nuna ƙoƙon kan ya tsage. Allah ya sa jini bai taru a ciki ba, ta kwana biyu muka sallame ta. Duk tsawon daren farko magana ɗaya uwar take maimaitawa: "Likita, wallahi ina wurin." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin wannan ita ce maganar da na fi ji daga bakin iyayen da keken ya raunata wa 'ya'ya.

Bincike ma haka ya nuna. A wani nazari da aka buga a 1997 kan yaran da aka kai asibitin yara na birnin Kolumbus a jihar Ohayo ta Amurka, kashi 78 cikin 100 na waɗanda suka ji rauni a keken akwai mai kula da su a lokacin da abin ya faru, kuma fiye da rabin iyayen sun riga sun san keken yana da haɗari. Mukan ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma a nan kunne ya ji, ido ma yana kallo, jikin bai tsira ba. Wannan ce amsar tambayarki ta uku, kuma a kanta duk maganar doka ta ginu. In da sa ido yana wadatarwa, da gargaɗi ya isa, babu buƙatar wata doka.

Yadda Amurka ta bi da lamarin

Na zaɓi Amurka ne don ta daɗe tana tattara alƙaluman raunuka daga sassan gaggawa na asibitoci, saboda haka ana iya ganin abin da kowane mataki ya haifar.

Tun 1971 suna da ƙa'ida a kan keken, amma damuwarta yatsun yara ce, kada ƙarafan da ke naɗewa su datse su. Ba ta taɓo matakala ba. Daga baya aka koma ga manna gargaɗi a jikin keken da wayar da kan iyaye. Shekaru aka yi ana haka, yara ba su fasa faɗowa ba. A 1990 kaɗai, an ƙiyasta yara 20,650 aka kai sashen gaggawa saboda shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙirga mutuwar yara 34 tsakanin 1973 da 1998, kuma ta fito fili ta nemi a hana ƙera shi da sayar da shi, matsayin da take kai har yau.

Abubuwa biyu ne suka juya lamarin. A 1994 aka fara sayar da kujerar wasa marar taya, wadda jariri ke juyawa yana tsalle a wuri ɗaya, iyaye da yawa suka koma mata. Sannan a 1997 aka sabunta ma'aunin masana'antu mai suna ASTM F977, aka ce dole keke ya cika ɗayan sharaɗi biyu: ko faɗinsa ya wuce inci 36, wato kimanin santimita 91, yadda ba zai shige ƙofa ba, ko a sa masa abin da zai tsayar da shi a bakin matakala. Yawancin kamfanoni na biyun suka ɗauka. In kika kifa keken zamani za ki ga wasu faifan roba a manne a ƙarƙashin gindinsa. Aikinsu shi ne, da zarar taya ta zarce baki, gindin ya sauka a kan daɓe, robar ta kama ƙasa, keken ya cije.

Sakamakon ya fito a wani babban nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2018. Daga 1990 zuwa 2014, yara 230,676 'yan ƙasa da wata 15 aka yi wa magani a sassan gaggawa saboda keken. Kashi 74 cikin 100 daga matakala suka faɗo, kuma sama da kashi 90 a kai ko wuya suka ji raunin. Amma adadin shekara-shekara ya sauko daga 20,650 a 1990 zuwa 3,201 a 2003, raguwar da ta haura kashi 84 cikin 100. A 2010 hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi, wadda ake kira CPSC a taƙaice, ta mai da ma'aunin ya zama tilas, ta tsaurara gwajin matakala, ta ƙara gwajin birkin ajiya, wato wanda ke tsayar da keken wuri ɗaya. Cikin shekara huɗu da suka biyo baya raunuka sun ƙara raguwa da kusan kashi 23 cikin 100 in aka kwatanta da shekara huɗun da suka gabata.

To, kin ga amsar tambayarki ta biyu. Doka tana aiki, kuma irin dokar da ta yi aiki ita ce wadda ta taɓa ƙirar keken kansa. Duk shekarun da aka yi ana ce wa uwa ta ƙara kula, an bar jaki ne ana dukan taiki. Da aka koma kan masu ƙerawa aka ce su sauya gindin keken, dubban kawunan jarirai suka tsira ba tare da an nemi wata uwa ta zama mai ido huɗu ba. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa ba ma'aunin kaɗai ya kawo raguwar ba, samuwar kujera marar taya da raguwar masu sayen keken duk sun taimaka, kuma masu nazarin da kansu sun faɗi haka.

Amma ki lura da inda lissafin ya tsaya. A 2014, bayan duk gyare-gyaren nan, yara kusan 2,000 aka kai sashen gaggawa. Wato sama da yara biyar kowace rana, a ƙasar da ke da ma'auni na tilas da hukumar da ke bin sa.

Tarayyar Turai tana da nata ma'aunin, EN 1273, wanda shi ma ya ƙunshi gwajin matakala da na kifewa. Ostareliya ta wajabta nata tun 2002, ta sabunta shi a 2013, kuma a kan na Amurka ta gina shi. Hanya ɗaya suka bi.

Dalilin da Kanada ta ce a'a

Kanada ma da lallashi ta fara. A 1989 aka yi yarjejeniya ta ganin dama da masana'antu, manyan shaguna suka daina sayar da keken. Sai ya ci gaba da shigowa ta bayan fage: masu talla a bakin titi, kasuwannin gwanjo, da na hannu da ake miƙa wa juna. Yara suka ci gaba da jin rauni. A watan Afrilun 2004 gwamnati ta haramta shigo da shi, da tallata shi, da sayar da shi, sabo ko tsoho, ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi haka. Hukuncin da aka sanar a lokacin yana iya kaiwa tarar dalar Kanada 100,000 ko ɗaurin wata shida. An ƙalubalanci haramcin, aka kafa kwamitin bita, a 2007 ya tabbatar da shi.

Hujjar masu wannan ra'ayi, wadda ni ma nake kai, ita ce robar birki matsala ɗaya take magancewa, ita ma ba duka ba. Ana gwada ta ne a ɗakin gwaji, a kan daɓe mai tsabta, da 'yar tsana mai nauyin jariri, robar tana sabuwa. A gida kuwa ƙura tana like mata, ruwa yana zuba a ƙasa, robar tana cinyewa ko ta ɓalle, wan yaro ko yarsa na iya turo keken da ƙarfin da ba a yi lissafinsa ba. Kuma ko da birkin ya yi aikinsa daidai, bai rage wa yaro gudu a fili ba, bai rage masa tsawo ba. Ba ya hana shi jawo igiyar buta, ba ya hana shi isa ga murhu, ba ya hana shi kifawa cikin baho ko bokitin ruwa.

Ƙunar da keken ke jawowa tana da kamanni da duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya sani. Daga sama ruwan ke zubowa, saboda haka fuska da wuya da ƙirji yake ci. Na taɓa karɓar wani yaro ɗan wata tara da ya jawo mayafin tebur, kwanon ruwan zafi ya biyo. Da a ƙasa yake zaune, hannunsa ba zai kai mayafin ba. Abin da ya ƙara muni shi ne ruwan ya taru a kujerar yadin, yaron yana zaune a cikinsa, kafin a zare ƙafafunsa daga ramukan cinyoyinsa sun riga sun ƙone. Makonni muka yi muna wanke ciwon, kuma duk wankin sai an riƙe shi. Babu ma'aunin da aka rubuta, a kowace ƙasa, da zai hana wannan.

Sai babbar tambaya, wadda duk mai tsara doka ya kamata ya fara da ita: me ake samu a madadin wannan haɗarin? Wuƙa tana yanka, amma ba a hana ta, domin ba a girki sai da ita. Keken hawa yana kayar da yara, amma yana koya musu abu, yana kai su wuri. Shi wannan fa?

Sunansa ne ke sayar da shi, sunan kuwa ba gaskiya ba ne. Ba ya koya wa yaro tafiya. Tafiya tana buƙatar yaro ya ɗauki nauyin jikinsa a kan tafin ƙafa, ya koyi daidaita ƙugu da gadon baya, ya ga ƙafafunsa, ya yi tangaɗi ya gyara, ya faɗi ya tashi. A cikin keke kujera ce ke ɗauke da shi, farantin ya rufe masa ƙafafu, yana ɗage a kan yatsu yana tunkuɗa gaba. Wani nazari a Amurka a 1999 kan jarirai 109 ya sami cewa masu amfani da keken sun yi jinkirin zama da rarrafe da tafiya. Wani a ƙasar Ailan a 2002 kan jarirai 190 ya ƙiyasta cewa duk awa 24 da yaro ya tara a cikin keken tana tafiya da jinkirin kwana uku da 'yan kai wajen fara tafiya shi kaɗai. Waɗannan nazarce-nazarcen ƙanana ne, akwai kuma wasu da ba su ga bambanci ba, don haka ba zan ce miki keken yana nakasa yaro ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne ba a nuna yana gaggauta tafiya ba. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce da rarrafe yaro kan tashi.

Amfani ɗaya na gaskiya da yake da shi, wanda ba na raina shi, shi ne yana sakar wa uwa hannu. Matar da ke da aiki a gabanta, ga jariri yana kuka sai an ɗauke shi, in ta sa shi a keke ya yi shiru yana dariya, ta sami sararin numfashi. Duk likitan da ya yi kamar bai san wannan ba, bai zauna da jariri yini guda ba. Sai dai wannan amfanin ana samun sa a abin da ba shi da taya. Kuma ki duba yadda abin yake cin karo da kansa: an sayi keken don uwa ta sami damar kau da ido, takardar da ke jikinsa kuma tana cewa kada a kau da ido ko na sakan ɗaya.

Masu adawa da haramci suna da maganganun da ya kamata a saurara. Suna cewa in aka hana, mutane za su koma ga tsofaffi da na sumoga waɗanda ba su da birki ko kaɗan, gara a bar mai inganci a kasuwa. Suna cewa gidaje da yawa ba su da matakala. Suna kuma cewa iyaye ne ke da haƙƙin zaɓa wa 'ya'yansu. Ta farkon ita ce mai nauyi, amma Kanada ta haɗa har da na hannu a cikin haramcin. Ta biyun ba ta gamsar da ni ba, domin dakali ɗaya a bakin ƙofa ya isa ya kifar da keke, wuta da ruwa kuwa babu gidan da babu su. Ta ukun kuma, zaɓi yana da ma'ana ne in an gaya wa mai zaɓin gaskiya. Kakar ɗanki da ta fitar da kuɗinta, ta saya ne da yaƙinin tana taimaka wa jikanta ya yi saurin tafiya, domin abin da sunan kayan ya gaya mata ke nan.

Ni ba masanin shari'a ba ne, rubuta doka aikin wasu ne. Amma daga inda nake tsaye, a bakin gadon yaran da abin ya shafa, ga abin da nake ganin kowace ƙasa za ta iya. In ba za ta hana ba, to ma'aunin ya zama na tilas, kada a bar wa kamfani ganin dama, tun da Kanada ta gwada ganin dama shekara 15 ba ta kai ta ko'ina ba. A gwada kayan a ɗakin gwaji mai zaman kansa kafin su shigo, domin buga tambari a jikin kwali ba shi da wuya. A tsare tashoshin shigo da kaya, a bi masu sayarwa ta intanet, a haɗa da na gwanjo, saboda kayan da aka kora daga kasuwa mai tsauri ba ɓacewa suke yi ba, kasuwa mai sako-sako suke nema. A hana tallan da ke cewa yana koya tafiya. Sannan, abin da aka fi sakaci da shi, asibitoci su riƙa rubuta abin da ya jawo rauni. In aka rubuta "ya faɗi" kawai ba a ambaci keken ba, shekara goma za ta wuce hukuma tana cewa ba ta ga matsala ba. Amurka ta iya gyara nata ne don tana ƙirgawa.

Abin da za ki yi da wanda ke ɗakinki

Shawarata ki daina sa shi, ko da mai birki ne. Kada kuma ki bayar da shi kyauta, don haɗarin ne kika miƙa wa ɗan wata. Ki cire tayoyin. In ba tare da su ba yana zama daram a ƙasa ba ya rawa, zai iya zama kujerar wasa ta ɗan lokaci. In ba haka ba, ki yanke kujerar yadin ki lalata shi kafin ki zubar.

Maganar kakarsa kuwa, a bi ta da ladabi, domin ƙauna ce ta sa ta saya. Zai fi sauƙi in mahaifinsa ne ya yi mata bayani, ko ku tafi tare ranar awo ta ji daga bakin ma'aikatan lafiya. Na sha ganin kakar da ta ji labarin sakan ukun nan ta zama ita ce mai hana kowa sa yaron a ciki.

A madadinsa, shimfiɗa mai tsabta a ƙasa ta fi komai. Ki ajiye shi a kai, ki ɗan nisanta kayan wasansa yadda sai ya miƙa ya ja jiki. In aiki zai ɗauke miki hankali, gadon wasa mai shinge ya fi aminci. Kujera marar taya ma ba laifi, amma na ɗan lokaci kaɗan a yini, nesa da murhu da igiyoyi. Wanda ake turawa da hannu sai ya fara miƙewa da kansa yana bin bango, a zaɓi mai nauyi da faɗin gindi wanda ba ya zillewa, kuma shi ma ba a kusa da matakala ba. In akwai matakala a gidan, a sa mata ƙyauren da aka ɗaure da bango tun yanzu, don rarrafe na nan tafe.

Kada ki damu da lokacin tafiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara lafiyayyu a Ghana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006: wasu sun fara tafiya su kaɗai tun suna wata takwas da 'yan kwanaki, wasu sai wajen wata 17 da rabi, kuma duka lafiyarsu ƙalau. Ɗan wata bakwai da ke zama da kansa yana kan hanya. Ban ga ɗanki ba, ban duba shi ba, saboda haka abin da nake faɗa na gaba ɗaya ne. In ya kai wata 18 bai taka ba, ko kika ga ƙafafunsa suna sanƙarewa, ko yana fifita gefe ɗaya na jikinsa, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, ki kai shi a duba shi da ido.

In kuma tsautsayi ya riga ya faru, a gidanki ko na maƙwabta, jaririn da ya faɗo daga matakala a cikin keke a kai shi asibiti ko da ya yi shiru ya koma wasa, domin jinin da ke taruwa a cikin kai yakan ɗauki awanni kafin ya nuna. A gaggauta sosai in ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura, ko aka ji kumburi mai laushi a gefen kai, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci. In ƙuna ce, a fitar da shi daga kujerar nan take, a cire tufafin da suka jiƙe in ba su manne da fata ba, a riƙa kwarara ruwa mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, sauran jikin a lulluɓe don kada sanyi ya kama shi. Kada a sa ƙanƙara, kada a shafa komai, kada a fasa ƙurajen ruwan. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti, kuma a gaya wa likita a fili cewa a cikin keken koyon tafiya abin ya faru, a roƙe shi ya rubuta haka a katin yaron.